Boyin Da Ke Cikin Kati, Ina Yake Kwana?

A farkon ƙarni na 20, Baturen da ke aiki a ƙasar mallaka yakan sayi kati mai hoto, ya rubuta 'yan layuka a baya, ya manna kan sarki, ya aika wa danginsa. A Indiya, kamfanoni irin su Higginbotham na Madras sun buga katunan 'yan aikin gida: ayah mai renon 'ya'yan Turawa, mai wanki, mai ɗebo ruwa a salka. A Afirka ta Yamma kuwa, François-Edmond Fortier na Dakar ya buga dubban katuna, har ya zo Kodebuwa a 1908 cikin tawagar ministan ƙasashen mallaka na Faransa. Nan da can salon ɗaya ne. A ƙarƙashin hoto za ka ga sana'a ko ƙabila, da wuya ka ga suna. Mutum ya tsaya ƙiƙam rungume da kayan aikinsa, an mai da shi samfurin irinsa.

Abin da katin ya yanke ya fi abin da ya nuna nauyi, kuma taswirar Abidjan ce shaida. Lokacin da aka mai da garin babban birnin Kodebuwa a 1934, bayan Grand-Bassam da Bingerville, Turawa sun riƙe tudun Plateau. An tura baƙar fata arewa zuwa Adjamé, a bayan barikin soja, ko kudu zuwa Treichville, ƙetaren ruwan Ébrié, inda gada mai yawo bisa ruwa ta haɗa gaɓa biyu tun 1931. Kuku da boyi da mai reno sun shiga har ɗakin kwanan Bature, sun san abincinsa da kukan ɗansa, amma iyalinsu da maƙwabtansu suna can unguwannin da mai sayen kati bai damu ya gani ba. Kuma duk wannan a ƙasar da ba a soke aikin tilas ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 1946.

Wani zai ce ai da babu gara ba daɗi, tunda ba don katunan ba da fuskokin nan sun ɓace. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a zubar da su ba. Ɗaurin zane da tsagar fuska duk tarihi ne. Sai dai mai hoto ne ya zaɓi inda za a tsaya da abin da za a riƙe, don abin da zai sayu a Faransa. In aka ce zamanin ne haka, a duba Treichville ɗin nan a 1957. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir da 'yan ci-ranin Nijar masu dako da aikin ƙarfi, ya bar su suka yi bayanin rayuwarsu da bakinsu. Shi ma Bature ne riƙe da kyamara, amma ɗaya daga cikin 'yan ci-ranin, Oumarou Ganda, ya koma Yamai ya shirya nasa finafinan.