Me ya sa sha'awarka take mutuwa a mako na uku?

Yau zan taɓo wani ƙorafi da nake yawan ji a bakin matasa 'yan uwana: "Ni fa ban san abin da nake so ba, duk abin da na fara sai na bari." Wani ya fara rubuta gajerun labarai, wata ta shiga koyon ɗinki, wani ya kama ɗaukar hoto da waya. Makon farko zumuɗi kamar me, mako na biyu a fara jan ƙafa, mako na uku shiru kake ji. Daga nan mutum ya yanke hukunci, ya ce ashe ba abina ba ne. Haka wasu suke cinye shekaru suna tsalle daga wannan zuwa wancan, ga kuɗin data da na kayan aiki sun tafi, hannu kuma babu komai.

Ni abin da na fahimta shi ne, galibi iyawa ce take riga sha'awa zuwa. Kuma ba da ka nake faɗa ba, akwai waɗanda suka bincika.

A 2018 wasu masana halayyar ɗan Adam su uku, Paul O'Keefe da Carol Dweck da Gregory Walton, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da wasu ɗalibai. Sun nuna wa ɗaliban wani ɗan bidiyo mai daɗin kallo a kan baƙin rami, wato wani wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuce masa. Kusan kowa ya ce abin ya burge shi. Sai aka miƙa musu maƙalar kimiyya mai tsauri a kan wannan batun dai. Nan fa sha'awa ta fara zubewa. Amma ga inda darasin yake: waɗanda suka fi saurin sarewa su ne masu tunanin cewa sha'awa aba ce da aka halicce ka da ita, nemo ta kawai za ka yi. Masu ganin cewa gina ta ake yi a hankali, tasu ba ta faɗi sosai haka ba.

Kun gane abin da ya faru? In ka ɗauka cewa abin da kake so ba zai taɓa ba ka wahala ba, to ranar da wahalar ta zo sai ka ɗauke ta a matsayin shaidar cewa ka yi ɓatan hanya. Alhali wahalar nan kowa sai ya bi ta kanta. Ita ce mako na ukun da nake magana.

Ku duba yaron shagon tela. Ranar da aka kai shi ba a ba shi almakashi ya yanka shadda. Guga zai fara, da sa maɓalli, da aike. Sai a hankali a bar shi ya hau keke ya ɗinke ƙafar wando. Da wuya ka ji yaron nan yana cewa yana son ɗinki a watanninsa na farko, wani ma kullum neman hanyar guduwa yake. Amma ranar da ya ga mutum ya sa rigar da shi ya ɗinka ya tafi ɗaurin aure da ita, wani abu yakan canza a zuciyarsa. Daɗin da ya ji, daɗin iyawa ne. Shi ne yake sa gobe ya riga maigidansa zuwa shago. Da koyo akan iya, in ji Hausawa, ni kuma na ƙara da cewa da iyawa akan so.

Wani malami a Jami'ar Shikago mai suna Benjamin Bloom ya jagoranci bincike a kan mutum 120 da suka yi fice a fannoninsu, aka buga shi a littafi a 1985. A cikinsu akwai makaɗan fiyano, da 'yan ninƙaya na gasar Olamfik, da 'yan wasan tanis, da masana lissafi, da masu sassaƙa, da likitocin ƙwaƙwalwa. Abin da aka gano shi ne yawancinsu ba su fara a matsayin wasu yara na ban mamaki ba. Da wasa suka fara, a hannun malami mai sakin fuska, sau da yawa ma na kusa da gida. Horo mai tsanani sai daga baya ya zo, lokacin da abin ya riga ya shiga ransu.

To me za mu ɗauka a nan? Abu uku zan ba ku.

Na farko, ka ƙanƙanta abin. In rubutu ne, kar ka ce littafi za ka rubuta. Layi goma a rana ya isa, a kan abin da idonka ya gani yau: rigimar direban adaidaita da fasinja a kan canji, ko hirar masu shayi. In hoto ne, hoto ɗaya a rana, ka lura da inda haske yake faɗowa. Minti 20 kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi kaɗai.

Na biyu, ki ajiye aikinki na farko, kar ki goge don kunya. Ci gaba a hankali yake tafiya, mai yi ba ya ganinsa. Sai kin ɗauko ɗinkinki na watan jiya kin ajiye kusa da na yau za ki ga bambanci, kuma ganin bambancin nan shi ne abincin sha'awa. Ki nemi mutum ɗaya da ya fi ki iyawa, mai gyara ba tare da gwasalewa ba, ki riƙa nuna masa.

Na uku, a yi hattara da saurin neman lada. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun yi gwaji da yaran nazire masu son zane. Wasu aka yi musu alƙawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu alƙawarin komai ba. Bayan kwanaki, da aka bar su su yi wasan da suka ga dama, waɗanda aka yi wa alƙawarin sun rage zanen. Abin ya tashi daga wasa ya koma aiki. Mu yau takardar yabonmu ita ce yawan masu danna mana alamar so a Facebook da TikTok. In don ita kaɗai kake yi, ranar da mutum uku suka danna, ranar za ka ajiye. Neman kuɗi da abin da ka iya ba laifi ba ne ko kaɗan, amma ka bari ya yi saiwa tukuna.

Wani zai ce, to yanzu duk abin da na dage a kai sai na so shi? A'a, ban ce haka ba. Akwai abin da ko ka iya ba zai kwanta maka ba, kuma barinsa ba gazawa ba ce. Shawarata ita ce ka ba shi wata biyu cur kana yi kusan kullum, sannan ka tambayi kanka: da na ɗan fara iyawa, ina jin daɗin yin sa, ko kuwa har yanzu agogo nake dubawa? Amsar da ka samu a lokacin ta fi wadda ka ba kanka a mako na uku gaskiya, domin a mako na uku ba ka san abin ba tukuna, wahalarsa kawai ka sani.

Saboda haka aikin gida na wannan mako: ka tuno abu ɗaya da ka fara ka watsar, ka koma masa yau, ko da na minti 20 ne. A nan zan dasa aya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.