Aikin Mata a Zanen Mutanen Holan

Sa'ad da na ke koyon aikin koyarwa a wata makaranta a Bolari, na ce wa yaran aji uku kowa ya zana abin da ya ke gani kullum. Suka zana mota, da doki, da sarki. Ko ɗaya bai zana uwarsa tana daka ko tankaɗe ba. Da na tambaya, wata yarinya ta ce, "Malam, ai wannan ba abin zanawa ba ne." Maganan nan ta tuna mini da mutanen Holan.

A ƙarni na 17 ƙasarsu ta yi arziki ta wurin fataucin teku. Majami'unsu kuwa sun daina sayen zane, saboda haka sai masu zane suka koma ga attajirai, waɗanda ke son ƙananan hotuna na ratayawa a ɗaki. Da haka aikin cikin gida ya shiga zane, watau shara, da ɗinki, da renon yara.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Johannes Vermeer, mutumin Delft, wanda ya yi wajen 1660, yana kuwa Rijksmuseum a Amsterdam. Tsawonsa kamar kamu guda. Baranya ce tsaye kusa da taga, ta naɗe hannun riga, tana tsiyaya madara cikin kasko, ga burodi a kan tebur. Ba ta duban kowa. Hankalinta duka yana kan madarar, kamar yadda mai tuƙin tuwo ba ta ɗaga kai. Shi Vermeer ya mutu a 1675 da bashin mai burodi a kansa, har matarsa ta ba da zanensa biyu jingina.

Amma kada mu ɗauka duka yabo ne. A 1655 Nicolaes Maes ya zana wata baranya tana barci, kwanuka a warwatse, kyanwa tana satar nama, wata mace tana nuna mana ita tana murmushi. Wannan horo ne, kuma maza ne ke yin sa. Da wuya a ga gumi ko hayaƙi a hotunan nan, alhali kowa ya san yadda madafa ta ke.

Da na nuna wa yaran hoton mai madara, yarinyan nan ta dube shi tsawon lokaci, sa'an nan ta roƙi wata takarda. Turmin da ta zana ya fi uwar tsawo.