Minti Biyar na Farko: Horon Ceton Rai ga Ma'aikatan Lafiyar Rigasa

Ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola a Legas, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Ranar 12 ga Yuni 2021 irin haka ta sami Christian Eriksen na Denmark. Zuciyarsa ta tsaya, likitoci suka rufu a kansa suna danna ƙirji, suka buga masa na'urar lantarki, ya farfaɗo har ya koma taka leda. Kowa da ajalinsa, babu ja. Amma ta fuskar sababi, hannuwan da suka san aikinsu ne suka iso kan lokaci.

A Rigasa, in mutum ya faɗi a kasuwa ko a tashar jirgin ƙasa, sai a yayyafa masa ruwa, a yi ta fifita, a saka shi a Keke Napep. Kafin a ratsa cunkoso zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, aikin gama ya gama, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa minti 4 zuwa 6 bayan jini ya daina kai mata. Don haka ran majinyaci yana hannun ma'aikacin da aka fara tararwa: nas a asibitin sha-ka-tafi, ungozoma, ko likitan da ke kwana a Babban Asibitin Rigasa.

Horon ceton rai hawa biyu ne. Na farko kowa na iya koya: a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan kowace danna 30 a hura numfashi sau 2. Masu bincike a Johns Hopkins na Amurka ne suka bayyana dabarar danna ƙirji a 1960.

Hawa na biyu, wanda ake kira ALS ko ACLS, na ma'aikatan lafiya ne. A nan ake koyon karanta zanen bugun zuciya a allon na'ura, domin ba kowace tsayuwar zuciya ake buga wa lantarki ba. In zuciya na karkarwa ba ta tura jini, lantarki ne maganinta. In layin ya miƙe sambal, lantarki ba ya amfani, sai danna ƙirji da allurar adrenaline miligiram 1 duk bayan minti 3 zuwa 5. Ana koyon buɗe hanyar numfashi, da sa bututu a maƙogwaro, da farautar musabbabi tun ana kan danna ƙirji: zubar jini ne, ƙarancin iskar oksijin ne, guba ce, ko gudan jini ne ya toshe jijiya? Ana kuma koyon aiki tare. Mutum ɗaya ke ba da umarni, wani na lura da agogo, masu danna ƙirji na karɓar juna duk minti 2, saboda hannun da ya gaji ba ya tura jini.

Akwai rassa na musamman. Na masu rauni, ATLS, ya samo asali ne daga hatsarin jirgin sama da wani likitan ƙashi, James Styner, ya yi da iyalinsa a Nebraska a 1976, inda ya ga ƙaramin asibitin da aka kai su bai shirya wa irin wannan ba. Mu ma mun ga buƙatarsa a daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja mai nufo Rigasa hari, aka kwashi masu raunin harsashi zuwa asibitocin Kaduna, ciki har da asibitin sojoji na 44. Akwai kuma na jarirai, da ke koya wa ungozoma ta taimaki jaririn da bai yi kuka ba ya yi numfashi cikin mintinsa na farko.

Takardar shaidar wannan horo ba ta mutu-ka-raba ba ce. Ta Ƙungiyar Zuciya ta Amurka shekara 2 take yi, ta Birtaniya shekara 4, sai a koma a sake gwaji a kan mutum-mutumin roba. Dalili kuwa, hannu na mantuwa, kuma ƙa'idojin kan sauya idan bincike ya kawo sabon abu. Satifiket a bango ba tare da atisaye ba ado ne kawai.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. To amma karɓa daban, iya ceto daban. Kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Igabi: a ɗauki nauyin wannan horo ga ma'aikatan Rigasa, a ajiye na'urar farfaɗo da zuciya mai cikakken caji a kowane ɗakin gaggawa da tashar jirgi, a riƙa atisaye a kai a kai. Masu hannu da shuni kuwa, biya wa nas ɗaya kuɗin horon nan sadaka ce mai gudana. Kai kuma mai karatu, ka nemi inda za ka koyi danna ƙirji. Wanda zai faɗi a gabanka yana iya zama ɗan gidanku.