Ranar da Aka Buɗe Gidan Mari na Rigasa

Ranar Alhamis, 26 ga Satumba 2019, 'yan sanda suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, wanda allon ƙofarsa ke cewa makarantar Islamiyya ce. Abin da suka tarar ya girgiza ƙasar nan. Mutane sama da 300 aka fito da su, maza zalla, daga magidanta har yara ƙanana. Wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala, wasu ko tsayuwa ba sa iya yi saboda yunwa. Akwai waɗanda aka kawo daga ƙasashen maƙwabta. Kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Ali Janga, ya ce wurin gidan azabtarwa ne, aka kuma kama mutum 7. Aka kwashe waɗanda aka ceto zuwa filin wasa na Ranchers Bees, daga nan zuwa sansanin alhazai na Mando, inda ma'aikatar kula da walwalar jama'a ƙarƙashin Hajiya Hafsat Baba ta shiga aikin haɗa su da danginsu.

Ba a yi wata guda ba aka buɗe irin wannan gida a Daura, sannan a Katsina. A Rigasar ma aka rufe gidan Malam Niga, inda aka fitar da mutum 147.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne, yawancin mutanen nan ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin wata. Saurin zagin iyayen abu ne mai sauƙi ga wanda bai taɓa kwana da ɗan da ya gagara ba, ɗan da ya fara da sholisho ya koma kodin da tiramol, ya sayar da kwanukan uwarsa, ya ɗaga wa ubansa hannu. An yi nasiha, an yi rubutun sha, an kira kawu da baffa, duk a banza. Sai wani maƙwabci ya ce akwai malamin da ke gyara irinsu. Uwar da ta ji haka, ina za ta tsaya bincike? Kuma matsalar ba ta gida ɗaya ba ce: binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kusan miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

Alhali akwai ƙofofin hukuma, kuma ga mutanen unguwar Kamazou da ke ƙaramar hukumar Chikun ba su da nisa. Ba sai an ƙetare kogin Kaduna ba. A yankin Barnawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, mai sashen kula da masu shaye-shaye. Nan kusa kuma ga gidan horon matasa na Bostal, wanda dokarsa ta tanadi a koya wa matashi karatu da sana'a maimakon a cusa shi kurkuku cikin manyan masu laifi, sai dai kotu ce ke tura mutum can. Tun 2018 jihar Kaduna ta kafa dokar kare yara da walwalarsu, wadda ta yi tanadin kotun iyali, inda ake sauraron shari'ar yaro ba a bainar jama'a ba, tare da jami'an walwala.

To amma dokar da talaka bai san da ita ba, ba ta yi masa rana ba. Malamin gidan mari yana cikin unguwa, yana jin yaren iyaye, yana karɓar yaro ko da tsakar dare ne. Nan ne ya fi hukuma, kuma nan ne ya kamata ta kamo shi.

Don haka kirana ga ƙaramar hukumar Chikun shi ne ta fito da jami'an walwalarta daga ofis a Kujama, su riƙa zama da masu unguwanni, limamai da fastoci na Kamazou, kowa ya san inda zai tura iyayen da suka kawo kuka. Ku kuma iyaye, duk wurin da aka ce ba za ku ga ɗanku ba sai da izini da ɗan rakiya, kada ku bar shi a can.