Gida Nawa Ya Kamata A Tambaya? Ƙayyade Yawan Samfuri A Karkarar Kano

Gabatarwa

Ɗalibin da ya fita binciken al'ada a karkarar arewacin Kano, kamar ƙasar Ungogo ko Minjibir ko Dawakin Tofa, yakan ci karo da matsala tun kafin ya buɗe littafinsa. Jama'a ta yi yawa, gidaje sun warwatsu cikin gonaki, guzuri kuma ƙalilan ne. Wannan yanki ne Michael Mortimore da J. Wilson suka yi nazarinsa a 1965 a Jami'ar Ahmadu Bello, saboda cunkoson manomansa. Idan ɗalibi ya tambayi gidaje kaɗan, sakamakonsa ya zama shaci-faɗi. Idan kuwa ya ce sai ya shiga kowane gida, hutu ya ƙare bai gama ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano adadin da ya wadatar.

Abubuwan Da Ake Fara Yankewa

Mai sayen gero a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu, yakan ɗebi kaɗan ne ya duba. Abin da ya ɗiba shi ake kira samfuri. A ɗauka, alal misali, ana son sanin kashi nawa cikin ɗari na magidantan wani ƙauye ne ke noman gandu, wato uba da 'ya'yansa masu aure suna noma tare. Sai an yanke abubuwa uku. Na farko, ratar kuskuren da za a lamunta, galibi kashi 5. Na biyu, ƙarfin tabbacin da ake so, galibi kashi 95, wanda masana lissafi ke wakilta da lamba 1.96. Na uku, hasashen kason da ake nema. In babu masaniya sai a ɗauki rabi, domin shi ne ke buƙatar samfuri mafi yawa.

Yadda Ake Lissafin

Ƙa'idar tana cikin littafin William Cochran na 1953 kan dabarun ɗaukar samfuri. Za a ninka 1.96 da kansa, a ninka da 0.5 sau biyu, sannan a raba da 0.0025, wato 0.05 da aka ninka da kansa. Amsar ita ce 384 da ɗoriya, sai a cike ta zama 385.

To, amma wannan adadi na jama'a ce mai ɗimbin yawa. Ƙauye kuwa yana da iyaka, kuma duk magidancin da aka tambaya ya rage yawan waɗanda ba a san amsarsu ba. Saboda haka ake yin gyara: a cire 1 daga 385, a raba da yawan magidantan ƙauyen, a ƙara 1, sannan a raba 385 da abin da aka samu. Ƙauye mai magidanta 400 zai buƙaci 197. Mai 2,000 zai buƙaci 323. Yanki mai magidanta 100,000 kuwa 384 sun ishe shi.

A nan za a lura cewa gyaran ya fi amfani a ƙaramin gari. Abin da ya fi tasiri shi ne ratar kuskure, domin idan aka yarda da kashi 10, ƙauyen nan mai magidanta 400 zai buƙaci 79 kacal. Sai dai wanda ya samu kashi 45 da irin wannan rata ba shi da hurumin cewa masu gandu ba su kai rabi ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

Lissafin nan duka ya dogara ne a kan sanin ainihin yawan waɗanda ake ƙirgawa. Polly Hill, a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, ta bayyana manyan gidajen Ɗorayi, inda magidanta da dama ke zaune a gida guda. Wanda ya ƙirga ƙofar gida a matsayin magidanci ɗaya ya ɓata lissafi tun daga tushe. Bugu da ƙari, a da dagatai da masu unguwanni suna riƙe da sunayen masu biyan haraji, amma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke harajin a 1979. Ya wajaba mai bincike ya zauna da mai unguwa su tsara sabon jeri, sannan ya zaɓi sunaye ta hanyar ƙuri'a. Idan ya tsaya kan gidajen bakin titi, ko kan waɗanda mai unguwa ya fi shiri da su, ko ya tambayi mutum dubu bai tsira daga son rai ba.

Kammalawa

Ya kamata kowane ɗalibi ya bayyana a kundinsa yawan jama'ar da ya yi bincike a kansu, da ratar kuskuren da ya lamunta, da yadda ya zaɓi waɗanda ya tambaya. Da waɗannan ne malamin da ke duba aikin zai iya auna nauyin kowane kaso da aka rubuta a cikinsa.