Nunin Kimiyya a Makarantar Sakandare

Jama'a, duk mun san nunin amfanin gona, inda manomi kan kawo damin dawarsa ko audugarsa a gani. To, akwai wani nuni irinsa na 'yan makaranta. Ana ce da shi nunin kimiyya. A nan yaro ba amfanin gona yake nunawa ba, gwajin da ya yi da hannunsa yake nunawa, da abin da ya gano.

Kada mu ce wannan sai mutanen birni. Muhammadu Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. In ruwan yana bushewa sai ya janye zafi, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan dabara. Ashe kayan gwaji suna cikin gidajenmu.

Idan makaranta za ta yi nunin nan karo na farko, ga yadda za a bi.

Da fari shugaban makaranta ya tara malamai da iyaye a yi shawara, a kuma sanar da Hakimi. A sa rana da saura wata 3. A ƙasarmu ta Bakori ya fi kyau a soma da kaka, a yi nunin da rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. A kauce wa ranar kasuwa.

Na biyu, a raba yara uku uku ko huɗu huɗu. Kowace ƙungiya ta ɗauki tambaya guda. Ga misali: wane buhu ya fi tsare wake daga ƙwari? Sai su zuba mudu 10 a buhun da muka saba, mudu 10 kuma a buhu mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga. Bayan wata 2 su ɗebi ƙwaya 100 daga kowanne, su ƙidaya masu huji. Wasu kuwa su shuka ƙwayar masara 100 a jiƙaƙƙen yashi, bayan kwana 7 su ƙidaya waɗanda suka tsiro. Haka manomi zai san irinsa tun damina ba ta faɗi ba.

Ku lura da doka guda. Abu ɗaya kaɗai ake sakewa a gwaji. In buhu ya bambanta, lalle waken ya zama iri ɗaya, ɗakin ajiya kuma ɗaya. In ba haka ba, ba a san abin da ya kawo bambancin ba. Masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da wannan doka suke aiki.

Na uku, kowace ƙungiya ta riƙe littafi, ta rubuta kwanan wata da abin da ta gani. Kada a bar yara su taɓa maganin ƙwari ko wuta sai da malami.

Na huɗu, a nemo alƙalai daga waje, kamar malamin gona da malamin asibiti, don kada a yi zargin son kai. Ba ƙawar tebur za su duba ba, sai bayanin yaro da gaskiyar lissafinsa. Gwajin da bai ba da abin da aka zata ba, shi ma ilmi ne.

Mu iyaye fa, mene ne namu? Mu ba da aron tukunya da buhu da 'yar ƙwayar iri. Mu bar 'ya'yanmu mata su shiga kamar maza. Amma kada mu yi wa yaro aikinsa. Ran nuni mu je, mu karanta abin da suka rubuta da kanmu, tun da yanzu mun iya. Gani ya kori ji. Abin da muka gani kuwa, mu gwada shi a rumbunanmu.