*CIWON ƘODA GA DATTAWANMU: KADA A JIRA SAI ƘAFA TA KUMBURA*



Yau maganar ƙoda za mu yi, musamman ga wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida. Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Matsalarta ba ta kuka da wuri. Tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta Baba yana zuwa masallaci da gona, bai ji komai ba. Lokacin da fuska da ƙafa suka kumbura, ga tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki, sau da yawa abin ya yi nisa.

Manyan masu lalata ta su ne hawan jini da ciwon suga. Ga dattijo namiji akwai na uku: kumburin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda ke tare fitsari har ya koma ya danne ƙoda. Idan Baba yana yawan tashi fitsari da dare, ko yana fita da ƙyar, kar a ce tsufa ne kawai.

Amma abin da ya fi damuna shi ne maganin ciwon jiki. Dattijo ya wuni a fadamar shinkafa cikin zafin Afrilu, gumi ya tsiyaye, bai sha ruwan kirki ba, da yamma a aiki yaro kemis ya sayo haɗi. A cikin haɗin nan galibi akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu tare. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga jiki dama a bushe. Kullum haka, shekara da shekaru. Sannan a ɗora da jiƙon da ba a san me ke ciki ba, har da kanwa, wadda ita ma gishiri ce. Ganye ba ya zama marar illa don kawai ganye ne. Malam Abdullahin Gwandu, Allah Ya jiƙan sa, ya yi rubutu kan maslahar addini da ta jiki tare, kuma addininmu neman magani da ilimi ya koyar.

Gwajin ba shi da wuya. Ku kai shi babban asibitin Gwandu ko asibitin gwamnati na Kalgo, a auna jini da suga, a duba fitsari ko akwai furotin, a ɗebi jini a yi gwajin kiriyatinin. Daga shi ake fitar da lambar eGFR. In ta tsaya ƙasa da 60 har wata 3, ciwon ƙoda ne mai daɗewa. Ƙasa da 15, ƙoda ta gaza, sai a fara maganar wankin ƙoda, sau 2 ko 3 a mako, kowane zama kusan awa 4. Kun ga kuɗin da wahalar. Mai hawan jini ko suga ya yi gwajin nan ko da sau ɗaya a shekara. In sakamako ya nuna matsala, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙoda a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Ƙodar da ta daɗe da lalacewa ba ta komawa sabuwa, amma ana rage mata gudu. A sha maganin hawan jini kullum, ba sai kai ya yi ciwo ba. Irin su lisinopril da losartan suna kare ƙoda in likita ya rubuta. Gishiri kar ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafi.

Dabino abinci ne mai albarka, to amma shi da ayaba suna da sinadarin fotasiyam da yawa, wanda ƙodar da ta yi rauni sosai ba ta iya fitarwa, kuma taruwarsa na taɓa bugun zuciya. Ruwa ma haka: mai lafiya ya sha sosai, mai kumburi sai yadda likita ya ƙayyade. Batun azumi kuwa, a tambayi likita tun a Sha'aban, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.